Makon da NoScript ta ɓace daga kwamfutocin shagona

Ranar 14 ga Nuwamba 2017 Mozilla ta saki Firefox 57, wanda ta yi wa laƙabi da Quantum. Kwamfutocin shagona suka ɗauko shi da kansu ɗaya bayan ɗaya, kuma da farko daɗi na ji: burauzar ta yi sakayau, tana buɗewa babu jan ƙafar nan da muka saba da shi. Sai da na leƙa wani shafin labaran ƙwallo, wani bidiyo ya tashi da kansa yana ta surutu daga can ƙasa, talla ta rufe rabin allon, sannan idona ya kai saman dama inda alamar NoScript take zama. Wayam.

Ga wanda bai san ta ba, kusan duk shafin da ka buɗe a intanet ba rubutu da hoto kaɗai yake aiko maka ba. Yana haɗowa da ƙananan umarni da aka rubuta da JavaScript, waɗanda burauzarka za ta aiwatar a cikin kwamfutarka, da ƙarfin injinka, da datarka. Su ake kira sikirif. Wasu su ne ke sa fom ya karɓi sunanka, wasu talla suke jawowa, wasu kuwa bin sawunka suke yi daga shafi zuwa shafi. NoScript 'yar manhaja ce da ake liƙa wa Firefox, wani ɗan Italiya mutumin Palermo mai suna Giorgio Maone ya fara fitar da ita a 2005, kuma kyauta ce. Aikinta irin na maigadi ne mai littafi a hannu: duk sikirif ɗin da ya zo ƙofa, in adireshin da ya fito ba ya cikin littafin, ba ya shiga. Kai ne kuma mai rubuta littafin, kaɗan-kaɗan, duk lokacin da ka yarda da wani shafi.

Ni shagon buga takardu da cike-ciken intanet gare ni a Kano: rajistar jarrabawa, neman gurbin karatu, biyan kuɗin makaranta, da makamantansu. Kwamfutocin na hannu ne, sun sha jiki, data kuma da kuɗina nake saye a modem. Uwa uba, mutane suna zama su rubuta lambobin katinsu na banki a kan injinana. Wanda ke cikin irin wannan hali ba ya son kowane shafi ya yi abin da ya ga dama a kwamfutarsa. Shekaru na yi ina tara jerin adireshin da na amince da su, har ya kai ga na manta ma da akwai wani abu mai tarewa.

Na rubuta about:addons a wurin adireshi. Ga ta nan kuwa, amma an tura ta wani sabon ɓangare mai suna Legacy Extensions, a kashe, babu wurin kunnawa, sai madannin cirewa da wani da ke cewa a nemi madadi. Ba ita kaɗai ba ce a can. FlashGot, wadda ita ma Maone ne ya rubuta ta, da DownThemAll da muke saukar da manyan fayiloli da su, duk suna jere.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Tun watan Agusta 2015 Mozilla ta sanar cewa za ta bar tsohon tsarin da ake gina irin waɗannan manhajoji a kansa, wato XUL da XPCOM, ta koma wani mai suna WebExtensions, wanda kusan iri ɗaya ne da na Chrome. Tsohon tsarin yana barin manhajar ƙari ta taɓa kusan komai a cikin burauzar. Nan ƙarfin NoScript yake, amma nan ne kuma matsalar masu gina Firefox take, domin da wuya su canza wani abu a ciki ba tare da manhajojin mutane sun lalace ba. Sabon tsarin ya iyakance wa kowa abin da zai iya taɓawa. Ke nan ba kwaskwarima aka nemi Maone ya yi ba, sake gini ne daga tushe, kuma ranar da Firefox 57 ya fito sabuwar ba ta kai ga fitowa ba. Ban ga laifinsa ba a lokacin, har yanzu ma ban gani ba. Mutumin da ya shafe fiye da shekara goma yana ba ka abu kyauta, ai ba ka ɗaga masa murya don ya makara da mako guda.

Amma fa makon sai an ci shi, ga kwastomomi suna zuwa.

Abin da ya fara zo mini shi ne in kashe JavaScript gaba ɗaya. Tun Firefox 23, a 2013, aka cire wurin yin haka daga saitunan da kowa ke gani, sai dai ka shiga about:config, ka yarda da gargaɗin da zai yi maka, ka nemo javascript.enabled ka mayar da shi false. Na yi. Shafukan labarai suka dawo fes, amma duk wani fom na rajista ya mutu murus: ka zaɓi jiha, akwatin ƙaramar hukuma ya ƙi kawo komai. Wannan maganin bai yi awa guda a shagon ba.

Hanya ta biyu ita ce Firefox ESR 52, nau'in da ake yi wa ma'aikatu da makarantu, wanda ba a canza masa fasali sai gyaran tsaro, kuma tsofaffin manhajojin ƙari suna aiki a kansa. A nan akwai tarko. Tun fitowar Firefox 55 Mozilla ta yi gargaɗin cewa wanda ya koma tsohon nau'i da furofayil ɗin da sabon ya riga ya taɓa zai iya haɗuwa da matsala, domin an canza yadda ake adana wasu bayanai. Furofayil shi ne foldar da Firefox ke ajiye komai naka a ciki: tarihin shafuka, alamomi, kalmomin sirri, saituna. Don haka kwamfuta ɗaya kawai na mayar, wadda ake biyan kuɗi a kanta, na girka ESR a folda dabam, na buɗe masa sabon furofayil fil, na sa masa tsohuwar NoScript. Sauran na sa musu uBlock Origin ta Raymond Hill, wadda ta riga ta koma sabon tsari. Tana da wani yanayi na ƙwararru da ke iya tare sikirif ɗin da ba na shafin da kake kai ba ne. Ta rage ɓarna sosai, sai dai hannuna bai saba da ita ba.

Kafin in kai ga sa wa kwamfutar ƙarshe, yaron da ke taya ni aiki ya ce, "Oga, wannan fankarta na ta ihu, ko ƙura ce?" Na buɗe Task Manager, sai ga Firefox ya cinye ƙarfin injin kaf, alhali shafi ɗaya ne a buɗe, na saukar da finafinai, wani kwastoma ya bari ya tafi. Lokacin ne ake ta maganar sikirif masu haƙar kuɗin intanet a ɓoye. A watan Satumba na shekarar ne Coinhive ya bayyana, mai sa burauzar baƙo ta haƙa wa mai shafi kuɗin intanet mai suna Monero, har aka kama shafin The Pirate Bay yana gwada shi. Ina rufe shafin nan fanka ta yi shiru. Wutar da injin ya sha kuwa daga janaretana ta fito, da man da na saya.

Kusan mako guda bayan fitowar Quantum sabuwar NoScript ta iso, lambarta ta tsallake daga 5 zuwa 10. Na girka ta da murna, na danna alamar, na tsaya ina kallo.

Tsohuwar jerin rubutu ce kawai: bar wannan adireshin, bar shi na ɗan lokaci, hana wancan. Hannuna ya haddace ta, ko ina magana da kwastoma zan iya dannawa. Sabuwar kuwa tebur ce ta fito da shi, kowane adireshi da layinsa, a gefensa 'yan hotuna da ba ka san me suke nufi ba sai ka ɗora linzami a kai: DEFAULT, TRUSTED, UNTRUSTED, CUSTOM. Ga wata 'yar agogo, ga ɗan kwaɗon kulle mai canza launi. Sai da na zauna da dare bayan an rufe shago na bi su ɗaya-ɗaya.

Kafin wannan ma akwai babbar damuwa. A kwamfutata ta tafi-da-gidanka jerin amintattun adireshina ya biyo ni lafiya, domin nau'ukan ƙarshe na tsohuwar manhajar sun zo da hanyar kwashe saituna zuwa sabon tsari. A kwamfutocin shago kuwa, inda na daɗe da hana manhajojin ƙari sabunta kansu saboda data, babu komai sai ɗan jerin da take zuwa da shi daga gida, irin su google.com da youtube.com da paypal.com. Kuma jerin shago shi ne mai daraja, don a cikinsa adireshin duk wata tashar rajista da ta biyan kuɗi da muka taɓa wahala a kanta suke.

Ga yadda na same shi. Na rubuta about:support, na nemo layin da ke nuna foldar furofayil, na danna Open Folder. A ciki akwai fayil mai suna prefs.js. Na rufe Firefox, na kwafi fayil ɗin zuwa wani wuri don kada in taɓa na ainihin, na buɗe kwafin da Notepad, na nemi kalmar maonoscript. Sai ga layin:

user_pref("capability.policy.maonoscript.sites", ...

A bayansa kuma adireshi ne jere reras, sarari ne kawai ke raba su, layi ɗaya mai tsawon da sai da na kunna Word Wrap na ga ƙarshensa. In ka neme shi a about:config ba za ka gan shi ba, domin Firefox na wancan zamanin yana ɓoye duk saitin da ya fara da capability daga can. Karanta layin nan kamar karanta tarihin shagon ne. Ga adireshin makarantun da suka canza shafi tun tuni, ga na wata tashar ɗaukar ma'aikata da aka rufe, ga wasu da ban ma san wanda ya yarda da su ba. Ban mayar da su duka ba. Na shiga saitunan sabuwar NoScript, ɓangaren izinin kowane shafi, na riƙa liƙa waɗanda har yanzu muke amfani da su, sauran na bar su a Notepad. Fiye da rabi ba su koma ba, kuma babu wanda ya neme su.

Washegari na kunna kwamfuta, wasu daga cikin shafukan da na amince da su jiya sun koma a tare. A nan 'yar agogon ta shigo. A farkon fitowar nau'i na 10, in ka danna TRUSTED a cikin teburin nan, izinin wucin gadi ka bayar, da zarar an rufe burauzar ya tafi. Sai ka danna agogon ta dushe sannan ya zama na dindindin. Daga baya an raba su gida biyu, na wucin gadi da madanninsa dabam, kuma haka ya fi. Kwaɗon kuwa, in kore ne, izinin yana aiki ne kawai in shafin ya zo ta https, wato hanya mai tsaro, in ja ne har da http. Wata tashar makaranta da muke yawan shiga tana farawa da https sannan ta jefa ka wani sashe da ba shi da shi, sai ka ga ka yarda da adireshi amma rabin shafin a mace.

Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne na akwatunan zaɓi. In ka danna DEFAULT, wasu ƙananan akwatuna suna buɗewa a ƙasa: script, object, media, frame, font, webgl, fetch, other. Duk mai hankali zai ɗauka na adireshin da ke kan layin ne. Ashe na kowa da kowa ne. Wata rana na lura talla ta dawo a kwamfuta ɗaya, ga alamar NoScript a wurinta, ba ta tare komai. Na tambayi yaron, ya ce, "Wallahi Oga shafi ɗaya kawai na buɗe wa, na wata Hajiya da ke sauri." Ya sa alama ne a akwatin script a ƙarƙashin DEFAULT, wato ya ce duk adireshin da ba mu sani ba a duniya ya shigo. In shafi ɗaya kake son yi wa saiti na musamman, CUSTOM ne wurinsa. A ganina wannan ya fi ɓacewar manhajar haɗari, domin in ta ɓace kana ganin gurbinta, a nan kuwa tana zaune kana zaton tana aiki.

Akwai kuma abubuwan da ba su biyo ta ba sam a lokacin, kamar ClearClick mai hana a yaudare ka ka danna abin da aka ɓoye a ƙarƙashin wani, da ABE, wadda a cikin aikinta har da hana shafin waje taɓa na'urorin cikin gida irin su modem. Saboda su na bar kwamfutar biyan kuɗi a kan ESR.

Sai ranar da aka yi cunkoso, kwamfutar nan tana hannun wani, wani dattijo kuma ya zo biyan kuɗin makarantar 'yarsa, ya ce ranar ce ta ƙarshe. Na zaunar da shi a ɗaya daga cikin sababbin.

Biyan kuɗi da kati ba shafi ɗaya ba ne, ko da yake ido yana ganin kamar ɗaya ne. Tashar makaranta tana miƙa ka ga kamfanin karɓar kuɗi, shi kuma ya miƙa ka ga shafin bankinka inda za ka sa lambar OTP da aka turo maka a waya, sannan a dawo da kai ta hanyar da ka bi. A tsakaninsu akwai wasu shafuka da mutum bai taɓa ganinsu ba, domin aikinsu kawai su tura fom da kansu cikin ƙiftawar ido, kuma da JavaScript suke turawa. In an tare sikirif ɗinsu, sai ka tsaya a kan farin allo babu ko harafi. Adireshinsu kuma ba ya fitowa a teburin NoScript sai ka iso kansu, don haka ba yadda za ka ba su izini tun da wuri in ba ka taɓa bin hanyar ba.

Muka sa lambar kati, muka tura, farin allo. Na buɗe teburin, ga sabon adireshi, na ba shi izini. Da ka rufe teburin NoScript tana sake loda shafin da kanta, sai Firefox ya tambaya ko ya sake aika bayanan da aka riga aka aika. A shafin kuɗi wannan tambayar ba ta wasa ba ce, don ana iya cire kuɗi sau biyu. Na ƙi. Muka koma farko. A zagaye na gaba muka wuce nan, sai wata taga ta faɗo da gargaɗin XSS, cewa wani shafi yana tura wa wani bayanai masu kama da hari. Na karanta adireshin biyun da kyau, na kamfanin karɓar kuɗin ne da na bankin, na bari ya wuce. Akwatin OTP ya fito, wayar dattijon ta yi ƙara, ya karanto lambar, na rubuta, madannin turawa ya ƙi motsi. Shi ma sikirif ɗinsa daga wani adireshin yake zuwa.

"Ɗana, ba dai kuɗin sun tafi ba?"

"Ba su tafi ba, Baba. A duba wayar, in babu alat ba a taɓa komai ba."

Ya duba, ya sake dubawa, ya juya wayar ya nuna mini don in gani da idona. Babu alat. Na ce ya ba ni minti biyar. Na rufe Firefox, na riƙe Shift na sake buɗe shi, ya tashi a Safe Mode, inda duk manhajojin ƙari suke a kashe. Na tabbatar babu wani shafi a buɗe sai na makarantar. Muka bi hanyar tun daga farko, ta wuce sumul, rasit ya fito, na buga masa biyu. Wannan gwajin shi ne ya kamata mutum ya fara yi duk lokacin da shafi ya ƙi aiki bayan sabuntawa: in ya yi da manhajojin ƙari a kashe, to akasari daga gare su ne, in bai yi ba a can ma, ka daina zarginsu, ka duba shafin ko sabis ɗinka.

Da dare na sake bin hanyar da katina, da ƙaramin biya, na danna F12 na buɗe sashen Network, na sa ya riƙe tarihin ko da shafi ya canza, na rubuta duk adireshin da aka ratsa. Abin da na gani ya ba ni haushi, kuma ba manhajar ce ta ba ni shi ba. Shafin da ake rubuta lambar kati a kansa yana jawo sikirif daga wuraren da ba su da alaƙa da kuɗi ko kaɗan, na ƙididdigar baƙi, na taɗi da kwastoma, na kayan rubutu. Waɗanda biyan ke buƙata da gaske 'yan kaɗan ne. Su na ba izinin dindindin da koren kwaɗo, sauran na bar su a tare, biyan kuma ya ci gaba da wucewa.

Sai dai bankuna suna da yawa, kowane da nasa adireshin, kuma kwastoma ba zai jira ka yi bincike ba. Da aka ƙara wa NoScript madannin da ke ɗage takunkumi a kan tab ɗaya tak, sai ya zama ƙa'idar shago: in za a biya kuɗi, a buɗe sabon tab, a ɗage masa takunkumin tun kafin a taɓa fom, a gama, a rufe shi. Na hana yaron taɓa akwatunan DEFAULT, na kuma yi amfani da Export na fitar da saitunan zuwa fayil, na ajiye a filashi, duk wata nake sabunta shi.

Kwamfutar ESR 52 ta ci gaba da tsohuwar NoScript har zuwa Satumba 2018, lokacin da aka daina yi wa nau'in gyaran tsaro. Ba zan bar mutane su sa lambar kati a burauzar da ba a toshe mata ɓaraka ba, don haka ita ma na ɗaga ta, na shigar mata da fayil ɗin filashin, cikin 'yan mintuna ta daidaita da sauran. FlashGot dai ba ta dawo ba, masu zuwa saukar da karatun malamai sai muka nema musu wata manhajar dabam da ba ta zaune a cikin burauza.